Dundumi: Yunwar Ido

  

Hirarmu ta yau a kan wani ciwo ce da kowa ya san sunansa, wato dundumi. Za mu yi magana musamman da mutanen gundumar Magariya da ta Dungas, cikin jahar Damagaram. Mutanen Bande, Waca, Kwaya, Yekuwa, Sasumburum, Guci, Malawa da Dogo-Dogo, ku matso kusa da radiyo. Amma maganar ta shafi kowane gida na ƙasar Nijar. Ku kuma malaman yaƙi da jahilci, in an gama hira, ku karanta wannan takarda tare da ɗalibanku, sannu-sannu, layi-layi.

Yaya ake gane mai dundumi?

Rana ta faɗi, an yi sallar magariba. Yara suna ta guje-guje a ƙofar gida. Amma ga wani ɗan shekara huɗu ya raɓe jikin darni, ya ƙi motsi. In ya tashi, sai ya yi tuntuɓe da turmi. An ajiye ƙwaryar tuwo, yana ta lalube, bai same ta ba. Uwa ta ce ƙiwuya ce. Kaka ta ce iska ce ta taɓa shi. Gari na wayewa, sai ga yaro yana gani sarai, yana wasa da ƴan uwansa.

Wannan shi ne dundumi. Mutum yana gani da rana, amma da duhu ya fara sai ganinsa ya ɗauke. Ya fi kama yara ƙanana, daga yaye zuwa shekara biyar ko shida. Yana kama mata masu ciki, musamman in ciki ya tsufa, da mata masu goyo.

Ƴan uwa, dundumi ba iska ba ne. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba ne. Ba a ɗaukarsa wurin wani. Yunwa ce. Amma ba yunwar da ake ji a ciki ba. Yaro yana iya cin tuwo ya ƙoshi, ya sha fura ya ƙoshi, alhali idonsa yana jin yunwa.

Mene ne ido ke nema?

Abincin da muke ci aiki uku yake yi. Akwai mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, rogo da mai. Akwai mai gina jiki: wake, gyaɗa, nama, kifi, ƙwai da nono. Akwai kuma mai tsaron jiki: ganyaye, kayan garka da ƴaƴan itace.

Cikin abinci akwai waɗansu abubuwa ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jin ɗanɗanonsu. Sunansu bitamin. A shekarar 1912 aka raɗa musu wannan suna. Kaɗan jiki yake so, amma ba ya iya yi sai da su, kamar gishiri cikin miya. Masu bincike sun ba kowanne baƙinsa: A, B, C, D, da sauransu. Kun san waɗannan baƙaƙe, kun rubuta su a allo. In babu bitamin C, dasashi ya riƙa zubar da jini, miki kuma ya daɗe bai warke ba. Ana samunsa cikin lemu, gwaba, tumatir da garin ɗan kuka. In babu waɗansu daga dangin bitamin B, gefen baki ya tsage, harshe ya yi ja. Amma wanda ya shafi ido, wanda muke magana a kansa yau, shi ne bitamin A. An gano shi a shekarar 1913.

Ku ɗauki misalin fitila. Da rana ba ruwanka da ita, ko da mai ko babu. Da dare ne kake sanin mai ya ƙare. Haka ido yake. Can cikinsa akwai wani abu mai kama haske kaɗan na dare, kuma da bitamin A jiki ke yinsa. In bitamin A ya ƙare, fitilar ido ta mutu.

To ga inda matsalar take. Hatsi da dawa, abincinmu na kullum, kusan babu bitamin A cikinsu. Farin rogo ma haka, shinkafa ma haka. Gidan da ake cin tuwo da miya tsararo, safe fura, rana fura, dare tuwo, wata da watanni, dundumi yana bakin ƙofarsa.

Hanta, rumbun jiki

Allah ya yi wa jiki rumbu, shi ne hanta. In mutum ya ci abinci mai bitamin A da yawa, jiki ya yi aiki da kaɗan, ya zuba saura cikin hanta. Babba mai lafiya yana iya cin wannan ajiya wata da yawa. Amma rumbun yaro ƙarami ne. Yaro kuma yana girma, yana ɗiba kullum. In an yaye shi a kan kunu zalla, ba da daɗewa ba rumbun ya zama fanko.

Shi ya sa aka fi ganin dundumi ƙarshen rani. Ɗanyen ganye ya yanke tun bayan kaka. Shanu da awaki sun rage nono. Maigida ya tafi cin rani Kano ko Legas. Kuɗin cefane ya yi wuya. Abin da jiki ya tara da damina ya ƙare.

Tsofaffinmu sun san wani abu a kan wannan. A ƙasar Hausa, tun da daɗewa, in mutum ya yi dundumi akan gasa masa hanta ya ci. Mutanen Masar na dā ma da hanta suke maganin ciwon, yau fiye da shekara 3000. Likitoci sun duba, sun ga gaskiya ce: hantar dabba ita ce rumbunta, cike take da bitamin A. Da tsohuwar zuma ake magani.

In an bar shi, ina zai kai?

Dundumi gargaɗi ne, kamar hayaƙi kafin gobara. Ciwon yana tafiya mataki-mataki.

Mataki na 1: yaro ba ya gani da dare.

Mataki na 2: farin ido ya bushe, ya daina ƙyalli, ya yi yamutse. Wani lokaci a ga wani tabo fari-fari a kansa, kamar kumfar sabulu.

Mataki na 3: baƙin ido ya dushe, ya yi hazo. Yaro ya riƙa rufe ido, ba ya son haske.

Mataki na 4: baƙin ido ya yi laushi, ya yi miki, ya fashe. Wannan yana iya faruwa cikin ƴan kwanaki kaɗan.

A mataki na 1 da na 2, magani yana maido da ido daidai. Dundumi yakan wuce kwana ɗaya ko biyu bayan an sha magani. A mataki na 3, in an yi sauri, ana ceton ido. Amma in ido ya fashe, shi ke nan, babu likitan da zai maido shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara 250.000 zuwa 500.000 ne ke makancewa kowace shekara a duniya saboda rashin bitamin A. Rabinsu kuma suna rasuwa kafin shekara ta zagayo.

Me ya sa suke rasuwa? Domin ba ido kaɗai bitamin A ke tsaro ba. Shi ne ke gyara fatar cikin maƙogwaro, da ta huhu, da ta hanji. Wannan fata ita ce darnin jiki. In darni ya ruɓe, kowace akuya sai ta shiga gona. Yaron da ba shi da bitamin A, zawo ya fi kayar da shi. Ƙyanda kuwa, wadda wasu ke kira dusa ko baƙon dauro, ita ce babbar abokiyar gaba. Tana cinye bitamin A na jiki da sauri. Makafi da yawa da kuke gani, in kun tambaye su, za su ce muku tun suna yara ƙyanda ta tafi da idonsu.

Wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, ya yi bincike a ƙasar Indunusiya, cikin ƙauyuka 450. A waɗansu ƙauyuka aka ba yara bitamin A sau biyu a shekara. A waɗansu ba a ba su ba tukuna. Da aka fitar da sakamako a shekarar 1986, sai aka ga mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka ba da maganin. Tun daga nan duniya ta farka.

Abin da ya faru a Magariya

Ba mu manta da wahalar abinci ta 2005 ba, wadda ta fi tsanani a jahohin Maraɗi da Damagaram. A wannan shekara ce ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin kula da yara masu tamowa a Magariya. Ba mu manta da daminar 2018 ba. A watan Satumba na shekarar, ƙungiyar ta ba da labari cewa yara 730 ne ke kwance a sashen yara na asibitin Magariya, kuma cikin watan da ya gabata, yara wajen 10 ke rasuwa kowace rana. Masassarar cizon sauro da tamowa ne suka haɗu a kansu.

Ba mu ce rashin bitamin A ne kaɗai ya jawo wannan ba. Amma ku lura da abu ɗaya. Ciwo guda yakan shiga gida biyu. A wani gida yaro ya kwanta kwana uku ya tashi. A wani gida a rasa shi. Sau da yawa bambancin yana cikin abin da yaron ya ci watanni kafin ciwon ya zo. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ina ake samun bitamin A?

Ba sai an je kanti ba. Yana cikin gonarku, da garkarku, da kasuwarku. Ku riƙe launi biyu: kore shar, da ja ko rawaya.

Kore: zogale, wanda wasu ke kira tamakka, ɗanyen ganyen kuka, rama, yakuwa, tafasa, alayyafo, lalo, da ganyen wake.

Ja ko rawaya: mangwaro nunanne, gwanda, kabewa, karas, dankali mai jan ciki, da manja.

Daga dabba kuma: hanta, gwaiduwar ƙwai, man shanu, da madarar da ba a cire mata mai ba.

Allah ya hore wa wannan yanki abubuwa da yawa. A fadamun Korama ruwa ba shi da nisa, ana noman rani. Ana kawo manja daga Nijeriya ta kasuwannin iyaka irin su Maigatari da Ɓaɓura. Mangwaro yana nuna da bazara, daidai lokacin da rumbun jiki ya yi ƙasa. Amma mu tambayi kanmu: ina kayan ke tafiya? Karas da kabewa a kai kasuwa. Ƙwan zabi a kai kasuwa. Mangwaro a loda a amalanke. Yaran gida kuwa a bar su da gaya. Ba mu hana ku neman kuɗi ba. Amma kafin a ɗaura kaya, a fitar da rabon yara. Kuɗin ƙwai ɗaya ba ya sayen ido.

Yadda za a dafa

Ke uwargida, ga abubuwa biyar da za ki riƙe.

1. Ki sa ɗan mai cikin miya ko kwaɗo. Bitamin A na ganye ba ya shiga jiki sosai sai da mai. Man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, tunkuza, riɗi ko man shanu, kowanne ya yi. Cokalin manja ya fi su duka, gama shi kansa yana da bitamin A. Amma kar ki soya shi har jansa ya tafi.

2. Ki shanya ganye a inuwa, ba a rana ba. Rana tana ƙone bitamin A. Kuka ko zogalen da ya bushe yana kore shar ya fi wanda ya koɗe. Ki zuba shi cikin tulu ko buhu, ki rufe, ki ajiye inda babu haske.

3. Kar ki dafa ganye har ya yi baƙi. Kar ki cika kanwa.

4. Cikin kunun yaro, ki dama garin zogale kaɗan, ko dafaffar kabewa, ko gwaiduwar ƙwai, da ɗan mai.

5. Ki zuba wa ƙaramin yaro a ƙwaryarsa shi kaɗai. In ya ci tare da manyan yara, kafin ya kai loma biyu sun share miyar.

In za ku sayi man gwangwani ko na jarka, ku duba jikinsa. Akwai wanda aka ƙara wa bitamin A. Na Nijeriya yana da hoton ido. Yanzu kun iya karatu: ku nemi baƙin A da kanku. Ga amfanin zuwa makaranta.

Nonon uwa

Jariri yana zuwa duniya da rumbu kusan fanko. Abin da ke fara cika shi shi ne dakashi, nonon farko mai kauri, mai rawaya. Wasu suna matse shi su zubar, wai ba shi da kyau. Wannan kuskure ne babba. Dakashi ya fi sauran nono bitamin A, kuma shi ne rigakafin farko na jariri. A ba shi nono tun sa'ar da aka haife shi. A ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba sai an ƙara ba. Bayan wata 6 a fara kunu mai haɗi, a ci gaba da nono har shekara 2.

Uwa kuma sai ta ci za ta ba da. Mai ciki da mai goyo su ci ganye kullum. Mai cikin da ta ga ba ta gani da dare, kar ta ce al'adar ciki ce. Ta tafi awo, ta faɗa wa ungozomar likita.

Maganin rigakafi

Tun shekarar 1997, Nijar ta haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna. Maganin ɗan ƙwanso ne mai mai a ciki. Ma'aikacin lafiya ya yanke bakinsa, ya ɗiga wa yaro a baki. Ba allura ba ce, ba ɗaci, kuma kyauta ne.

Shuɗi: na yaro ɗan wata 6 zuwa wata 11.

Ja: na yaro ɗan shekara 1 zuwa shekara 5.

Ana ba da shi duk wata 6, wato sau biyu a shekara. In masu rabo sun zo, kar ku ɓoye yara. In ba su zo ba, ku tambaya a likita mafi kusa, ku tafi da katin yaro don a rubuta. Amma ku kiyaye: magani ne mai ƙarfi. Kar ku saya wurin ƴan talla ku riƙa ɗura wa yaro, yawansa yana cutarwa. Mai ciki kuma ba ta shan wannan ƙwanso, gama yana iya taɓa abin da ke cikinta. Ita ko hanta ma, ƴar kaɗan ta ishe ta.

Ku kai yaro rigakafin ƙyanda da ya cika wata 9, ku koma ta biyu ranar da aka ce muku. In ƙyanda ta kama yaro, kar ku kulle shi ɗaki. Kar ku ɗiga masa ruwan ganye ko wani haɗi a ido. Ku kai shi likita. Za a ba shi bitamin A ranar, a sake ba shi kashegari. Haka kuma duk yaron da baƙin idonsa ya dushe, a kai shi a ranar, ba sai an jira ranar kasuwa ba.

Kai maigida

Maganar ba ta mata kaɗai ba ce. Kai ne ke zuwa kasuwa. Kai ne ke tsayawa wurin mai tsire. Ranar kasuwa, ka ce wa mahauci ya yanko maka hanta, ka kai wa yara. Yanka kaɗan sau ɗaya a mako ya isa. Ranar layya da ranar suna, hanta ta fara isa bakin yara kafin ta isa zaure.

Ana cewa wai in yaro ya ci ƙwai zai zama ɓarawo. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba. Tarbiyya daban, abinci daban.

Ka dasa zogale biyu ko uku a bayan ɗaki, inda ruwan alwala da na wanke-wanke ke zuba. Ka kewaye su da ƙaya saboda awaki. Kafin shekara ta zagayo, uwargida tana tsinkar ganye ba ta biya ko dala ba. Ka bar kukar da ta tsiro a gonarka, kamar yadda kuka bar gawo har ya rufe gonakin Magariya, Matamaye da Mirriya. Abin da kuka yi wa ƙasa, ku yi wa ƴaƴanku.

Tambayoyi

Bayan karatu, ku tattauna waɗannan tare da malaminku:

1. Akwai mai dundumi a garinku? A wane lokaci na shekara kuka fi ganinsa?

2. Ku rubuta sunan abinci biyar masu bitamin A da ake samu a kasuwarku.

3. Don me ake shanya ganye a inuwa?

4. Yaro ɗan wata 8, wane launin ƙwanso za a ba shi?

5. Wace rana aka ba ɗanka bitamin A na ƙarshe? Duba katinsa, ka karanta.

Ga kuma aikin gida. Yau da magariba, kowa ya zauna ya dubi ƴaƴansa. Wanda ya raɓe, wanda ke tuntuɓe, wanda ke laluben ƙwarya, gobe da safe a kai shi likita. Abin da kuka ji kuma ku faɗa wa maƙwabtan da ba su zo makaranta ba.

Jama'a, nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a, ya tsare mana idanunsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.